Kilo Ashirin da Uku

Mutawakkilu ya ce kilo ashirin da uku,
ko gashin kaza kada ya ƙaru.
Sau uku ya faɗa, a zauren Aboabo inda muka taru,
mu goma sha tara masu zuwa Maroko kwana tara,
yana bugun takarda da gindin biro.

Na kai akwatina wurin Isiyaku mahauci,
ya goge ma'auni da tsumma, ya ɗora.
Allura ta zarce, sai talatin da ɗaya.
Ya ce, "Inna Lariba, ƙaura za ki yi?"

To, me zan cire?
Atamfa shida ta koma uku.
Dutsen guga ya fita, garin rogo ya bi shi.
Kwalbar shito ce ta ja mana rigima:
jikata Nafisa ta ce za ta fashe a sama
ta ɓata min farin mayafi,
na ce bakin da ya saba da yaji
ba ya kwana tara a hannun baƙo.
Leda uku muka sa mata, muka ɗaure da roba.

Fasfo yana jakar da na ɗinka da hannuna,
mai igiya, a wuya, ƙarƙashin riga,
tare da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa.
Kafaɗata ba ta manta allurar ba.
Kowanne an ɗauki hotonsa, an bar wa Nafisa.
Maganin hawan jini na mako biyu na ƙirga,
don jirgi ma yakan makara kamar tirotiro,
kuma a jakar hannu zai zauna.
Akwati kan ɓata hanya, jini ba ya jira.

Na kai sidi Alabar, damƙi guda,
aka miƙo min 'yan takardu bakwai.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Ɗinkin salla biyu ke nan a tafin hannu.

Sabon takalmi, in ji shi, kada a fara shi ranar tafiya.
Shi ya sa kullum bayan asuba
nake takawa har Asawase in dawo,
tsohuwa da kambas kamar 'yar makaranta,
mai koko na tambaya ko ƙwallo zan shiga.
Jiya bai cije ni ba.

Ɗaki mutum biyu-biyu.
An haɗa ni da Sahadatu mai kwanuka a Kejetia,
wadda minsharinta ke tsallake katanga.
Na sayi audugar kunne.
Na ji ita ma ta sayi tata.

In an ce mota ƙarfe bakwai, bakwai ne,
ba bakwan Zango ba.
Wanda ciniki ya raba da ayari
ya tsaya inda yake, ya kira lambar da ke bayan kati.
Na haddace ta a kan keke,
ƙafa na takawa, baki na bita.

Kakana a ƙasa ya shigo garin nan, a bayan jaki,
tsagar fuskarsa ce takardarsa,
ba wanda ya auna masa kaya sai wuyansa.
Ni ga ni da tabarau ina soke layi bayan layi.

Gobe da dare motar Accra.
Na lulluɓe keken ɗinki da tsohon zani,
na ba maƙwabciya makulli da kuɗin dawar kaji.
Da la'asar Isiyaku ya sake aunawa:
ashirin da biyu da rabi.
Ya ce in mayar da atamfa ɗaya, na ƙi.
Rabin nan da gangan na bar shi.
Ban san me zan tarar a can ba
da zai ce in taho da shi gida.